Rigar Dawowa Daga Chaina

Litinin, 5 ga Mayu, goma na safe

Yau kwanana hamsin da shida a Chaina. Chainar tawa ɗaki biyu ce da falo a hawa na biyu, nan Ebute Metta a Legas, tagarta na kallon masu facin taya.

'Yata Tinuke ce ta kawo min littafin nan. Wai likita ya ce in riƙa rubuta abin da na ci da yadda na kwana. Na sha koko rabin kofi. Na kwana rigingine, don har yanzu gefen hagu bai yarda a kwanta a kansa ba. Na likita ya ƙare. Sauran shafin nawa ne.

Abin da ke gabana shi ne Alhamis ta ƙarshen watan nan. Dokar layinmu na 'yan leshi ba ta canza ba tun ina yarinya a shagon uwata. Wadda ta rufe shago, ta kuma rasa taron wata sau uku a jere, shugabarmu Alhaja Wosila za ta karɓi makulli ta miƙa wa ta gaba a cikin masu jira. Ba a aiko wakili. Fuska ake so. Na rasa na Maris, na rasa na Afrilu. Shekara talatin da ɗaya ina shago mai lamba goma sha huɗu.

Mara lafiya ana ɗaga mata ƙafa, wannan gaskiya ne. Amma sai ta faɗa da bakinta, sannan ƙungiya ta turo mata goma sha biyu da kulolin abinci su cika mata falo su gani da idonsu. Na ga yadda aka yi da Iya Ronke. Da ta dawo, kowa ya koma yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Ta faɗi farashi, a biya ba a taya ba. Wata shida ta yi a haka. Ranar da ta rufe shago ta ce min, "Sili, ba ciwon ne ya kore ni ba."

Shi ya sa ana gobe za a kwantar da ni a asibiti na tsaya a tsakiyar layi na ce zan tafi Guangzhou saro kaya. Har Abeke, wadda shagonta ke kallon nawa, ta ba ni saƙon jaka.

Wadda ta dawo daga saro kuwa an san yadda take shigowa. Da riga wadda ba a taɓa gani a Legas ba, ta zaga layin sau ɗaya a hankali, a taɓa, a juya kalmasa, a ja tsaki don hassada. Ni kuma rigunan da ke cikin kabad ɗina duk na wata mata ce da ta fi ni kilo goma sha ɗaya da wani abu guda.

Talata, 6 ga Mayu, biyar na yamma

Tinuke ta ce mu kira Baba Lamidi tela. Na tambaye ta ko ta samu matsala a kai. Baba Lamidi idan ya auna mace da safe, kafin azahar mai sayar da ruwan leda ma ta san faɗin ƙugunta.

Sai ta ciro waya.

"To ga wani abu, Mami. Takarda za ki cike a nan. Wata can da ba ta san ki ba ta zaɓar miki kaya biyar, a kawo har gida a kwali. Ki gwada kwana uku, wanda ya yi miki ki riƙe, sauran mai babur ya zo ya ɗauka. Duk mako idan kina so."

"Wato in sayi riga ban taɓa yadin ba."

"Za ki taɓa mana. A ɗakinki."

"Ita mai zaɓar 'yar gidan wa ce?"

"Amfaninta ke nan, Mami. Ba 'yar gidan kowa ba ce."

Tambaya arba'in da biyu. Ko lokacin da dangin ubanta suka zo neman aurena ba a tone ni haka ba. Wane launi kike so, wanne kika tsana, kina zufa da yawa, ina za ki da kayan. Wane sashe na jikinki kike so a gani? Na ce ta rubuta ido. Wane sashe kike so a sakaya? Na ce ta tsallake.

Da muka zo awo na karanto mata lambobin da ke kaina. Ta ɗago ta dube ni.

"Mami, wannan awon bara ne."

"Rubuta."

"Za su aiko miki abin da ba zai..."

"Tinu, ban taɓa ganin fuskar yarinyar nan ba kike so in fara mata da farashin gaskiya? Bari in ga hannunta tukuna."

Ta rubuta. 

Alhamis, 8 ga Mayu, biyu na rana

Kwali ya iso. Wani dattijo ne ya hau da shi, Mista Etim, yana haki cikin rigar ruwa. Na buɗe ƙofa iya faɗin tafin hannu na karɓa da dama.

A sama akwai 'yar takarda da rubutun hannu. "Mama Silifa, sunana Ebiere, ni ce mai zaɓar miki. Kin ce taron 'yan kasuwa za ki, kuma kina so a san kin dawo. Na gane irinki." Ba ta gane komai ba, amma rubutunta a tsaye yake.

Ban fara da sakawa ba. Juya su na yi ɗaya bayan ɗaya, ciki ya koma waje. Shuɗiyar doguwar riga ɗinkinta ya yi, an ninka baki sau biyu. Jar kuwa an rubuta mata siliki a wuya. Na zare zare ɗaya daga cikin kalmasa na kai shi bakin ashana, ya dunƙule yana warin leda. Silikin gidansu. Na ɗan ji daɗi, rabon da in kama wani da ƙarya tun Maris.

Daga nan babu sauran abin fakewa. Na cire zanen da na rufe madubi da shi.

Shuɗiyar na fara. Dama ta cika rigar yadda aka yanka ta. Hagu ta faɗa ciki kamar aljihun da aka zazzage. Na ninke ɗankwali na cusa, na kafe da fil biyu. A tsaye ƙiƙam babu laifi. Da na ɗaga hannu kamar zan gaida wani sai ya zame ya koma wajen hammata. Mace ba za ta zaga layi guda hannu a manne kamar soja ba.

Jar, hannunta ya ƙi wuce damtsena na hagu, ya kumbura yau. Na ji ɗinki ya ce ƙit. Sauran ukun ban ma ja zif ɗinsu har sama ba.

Akwai takardar da ake cikewa idan za a mayar. Dalili: girma, ɗinki, launi, wani abu daban. Na sa launi sau biyar.

Na mayar wa madubi zanensa.

Juma'a, 9 ga Mayu, shida na yamma

Ranar ƙarin ruwa a asibiti. Awa huɗu a kujera. Ban ci komai ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, da hantsi

Komai ɗanɗanon cokali yake yi. Amala ma.

Mista Etim ya zo ɗaukar kwali jiya. "Madam, ko ɗaya?" Na ce ko ɗaya. Ya ce akwai wata a Yaba da ta yi wata huɗu tana mayarwa, shi dai ƙafarsa ce ke biya. Na ba shi ruwan sanyi ta tsagar ƙofa.

Na share gashi daga kan matashi. Ba shi da yawa yanzu, sharar ma ta yi sauƙi.

Talata, 13 ga Mayu, sha ɗaya da rabi

Abeke ta kira. Na yi sa'a kiran murya ne kawai, ba na hoto ba.

"Sili, ƙarfe nawa a wajenku?"

Na rubuta lissafin a jikin kalanda tun tuni, a ƙara awa bakwai. "Shida ta wuce. Yanzu na shigo masauki, ƙafafuna kamar ba nawa ba."

"Jakata fa?"

"Ina dubawa. Irin wadda kike so sai tsofaffi ke riƙewa a nan."

"Uwarki ce tsohuwa."

Muna cikin haka wata motar haya ta tsaya daidai ƙasan tagata, kwandasta ya buɗe maƙogwaro, Oyingbo, Oyingbo, saura mutum biyu. Na danne wayar a cinya, amma ya riga ya shiga.

Abeke ta ce, "Ikon Allah. Ashe su ma suna da Oyingbo."

"Bidiyo nake kallo. Kewar gida."

"To rage murya, kar 'yan Chaina su hau."

Na yi dariya yadda ya kamata. Sai ta ce, kamar wadda ta tuna abu a hanya, 'yar ƙanwar Alhaja ta zo layin sau biyu a makon nan. Ba ta sayi komai ba. Tsayawa take a gaban lamba goma sha huɗu tana ƙare wa ƙofar kallo. An ji ta tana cewa fenti ruwan hoda zai dace da wajen.

"Ni dai na faɗa miki," in ji Abeke. "Ba don ina son ki ba. Ruwan hoda ne ba zan iya kallo kullum ba."



Alhamis, 15 ga Mayu, uku na rana

Kwali na biyu. Ebiere ta ɗauki maganar launi da gaske, baiwar Allah. Kore, ruwan ƙasa, ruwan zuma, wani fari mai ɗigo. "Mama, wannan karon na bi launukan da kika ce kina so ɗaya bayan ɗaya."

Na gwada huɗu. Ɗankwali, fil, madubi, ɗaga hannu. Na gwada da safa a maimakon ɗankwali. Na gwada da soson kafaɗa da na farke daga tsohuwar rigar biki. Wannan ya zauna, sai dai ya fi ɗan'uwansa tsayi da tsini, kamar yana nuna hanya.

Na zauna a bakin gado da koriyar a jikina har aka kira la'asar. Ba tunani nake ba. Cire ta ne ya zame min aiki.

Launi, launi, launi, launi, launi.

Asabar, 17 ga Mayu, da rana

Ruwa tun safe. Saura kwana goma sha biyu.

Litinin, 19 ga Mayu, huɗu na yamma

Saƙo biyu yau.

Na farko muryar Alhaja. "Iya Tinu, ina gaisuwa, ya baƙunta. Ranar ashirin da tara ne. Kin san ni da ke ba sai an faɗa ba, amma dokar nan ta girme ni. Allah ya kawo ki lafiya." A bayanta ina jin ana yaga yadi. Na maimaita saƙon sau uku don wannan ƙarar kawai.

Na biyu daga Ebiere, a rubuce. Bari in kwafe shi yadda yake.

"Mama, kada ki ji haushi. Duk kayan da aka dawo da su ni nake dubawa kafin a kai guga. Riguna goma kin ce launi. Biyar a ciki akwai hujin fil a ƙirji, gefen hagu, wuri ɗaya. Biyu ɗinkin hannun hagu ya buɗe. Ban tambaye ki komai ba. Idan kina so, ki sa tef daga tsakiyar ƙirji zuwa tsakiyar baya, dama daban, hagu daban, sai kaurin kowane damtse. Lamba huɗu ke nan. Idan ba kya so, zan ci gaba da neman launi."

Na kifa wayar. Yarinyar da ban sani ba, a wani ɗaki da ban sani ba, ta ɗaga rigata a hasken fitila tana ƙirga huji. Na je wajenta ne don ba ta da ido a kaina, ashe na kai kaina wajen 'yar'uwar sana'a. Ni ma haka nake gane wadda ta sa leshi ta je biki ta dawo da shi wai bai yi mata ba. Hammata nake shinshinawa.

Na rubuta mata zagi mai kyau, layi shida. Ban tura ba. Wai za ta ci gaba da neman launi. Yarinyar nan da a layinmu take da yanzu ta gina gida.

Talata, 20 ga Mayu, tara na safe

Na auna. Ni kaɗai, bakin tef a haƙori, ɗaya hannun yana lalube a baya. Tun ranar da aka cire bandeji ban kai yatsa wajen ba sai da soso. Fatar ba ta jin komai, kamar ta wani nake taɓawa.

Shekara talatin ina ce wa mata yadi biyar zai ishe ki, ke kuma sai shida, daga tsallaken layi, ban taɓa kuskure ba. Nawa sai da na auna sau uku don na ƙi yarda da lambar.

Na tura huɗun, ban ƙara ko harafi ba.

Ta amsa, "Na karɓa, Mama. Ki ba ni zuwa Litinin, wannan ɗinka shi za a yi."

Ba ta ce sannu ba. Ba ta ce Allah ya ba da lafiya ba. Na duba sau biyu. Allah ya yi wa uwar da ta raine ta albarka.

Juma'a, 23 ga Mayu, da yamma

Tinuke ta zo da alala. Na ci rabi don ta daina kallona.

Ta ce, "Mami, idan shagon ya tafi ma ai ba duniya ce ta ƙare ba. Ki dawo wajenmu ki huta."

Na ce ta duba min ko an kawo wuta.

Litinin, 26 ga Mayu, ɗaya na rana

Mista Etim ya ce kwalin yau ya fi sauƙi ko shi ne ya saba da benen.

Huɗu a ciki kayan cika lissafi ne, ita ma ta sani. Ta biyar an naɗe ta daban. Kore mai duhu, yadi mai nauyi da ƙananan furanni a saƙe. An tattara shi daga kafaɗar hagu ya gangaro ya ratsa ƙirji ya ƙulle a ƙugun dama, yadda ido zai bi tattarar ya manta da abin da ke ƙarƙashinta. A cikin shafi akwai aljihu, a cikin aljihun wani abu mai laushi da ɗan nauyi, an cika shi daidai. Hannuwa buɗaɗɗu har gwiwa. Maɓallai a gaba, ba sai na kai hannu baya ba.

Na saka. Na ɗaga hannu. Na sunkuya kamar zan ɗauki bandir. Na juya da sauri kamar an kira ni. Babu abin da ya motsa.

Na zaga falo sau biyu da takun dawowa daga saro. Har na ce wa kujera, a'a, ba na sayarwa ba ce, guda ɗaya suka yi.

Sai na zauna a bakin taga don in huta, haske ya faɗo a cinyata. Hannuna ne ya fara ganewa kafin idona. Furannin ganye biyar-biyar ne. Bayan kowane yadi da rabi akwai ɗaya mai ganye huɗu, inda injin saƙa ya yi tsalle.

Yadin Abeke ne.

Bara aka kawo mata shi, bandir shida, duk da wannan aibin. A Legas kaf ita kaɗai ke da shi, don babu wanda ya yarda ya karɓa. Wata uku yana zaune a shagonta muna yi mata dariya. Ranar da wata yarinya mai tabarau ta zo tana cewa kamfani take saya wa, ni da kaina na tsallaka na taya Abeke zuba. Na ce ai da gangan ake yin mai huɗun, sabon yayi ne, a Turai rububinsa ake. Yarinyar ta kwashe duka shidan. Da yamma Abeke ta saya min lemo.

Ko Ebiere ce mai tabaran, ko ba ita ba ce, ban tambaya ba. Na dai san bakina ne ya sayar da shi, ga shi ya zagayo ya zauna a jikina kamar don ni aka saƙa.

Laraba, 28 ga Mayu, biyar na yamma

"Wa zai tsaya ƙirga ganyen fure, Mami?"

"Mata sittin."

Na sake gwada sauran huɗun ko Allah zai sa. Bai sa ba. Riga ɗaya ce a duniya da zan iya ɗaga hannu a cikinta, kuma kowa a layin ya yi wata uku yana yi mata dariya.

Na shirya abin faɗa. 'Yan Chaina sun kwafi yadin har da aibin, kun san halinsu. Kayana suna kan ruwa, kwantena sai wata mai zuwa. Ramar kuwa abincinsu ne, mutum ba ya ƙoshi da tsinke biyun da suke cin abinci da su. Na maimaita wa Tinuke, ta ce da ba ta san ni ba da ta yarda.

Ƙarya ce mai kyau. Na yi waɗanda suka fi ta rauni sun wuce. Gajiya kawai nake ji tun kafin in fara.

Alhamis, 29 ga Mayu, bakwai na safe

Gwaggwaro ya ɗauru, na ja shi har kan gira. Na sa jan baki. Bismillah.

Alhamis, shida da rabi na yamma

Na shiga ta bakin layi kamar yadda ake yi. Aka taso. Iya Tinu ta dawo, Chaina ta karɓe ki, kin zama 'yar yarinya. Hannuwa ta ko'ina, ana taɓawa, ana ja. Na riƙe jaka a gefen hagu don kada a rungume ni ta nan.

Abeke ba ta taso ba sai da na iso gabanta. Ta kama bakin rigar da yatsa biyu, ta juya, ta bi furannin da babban yatsa. Na ga inda ya tsaya. Ta ɗago ta dubi fuskata, ta dubi tattarar, ta dubi gefen kunnena inda gwaggwaro bai gama rufewa ba, ta dawo fuskata. Duka bai kai a ƙirga biyar ba. Na buɗe baki zan fara maganar kwafi.

"Kai, 'yan Chaina sun iya aiki," ta ce, a hankali. Ta gyara min bakin rigar ta sake shi.

Abeke. Matar da ta taɓa bina har masallaci don na ce leshinta na roba ne. An miƙa mata ni a faranti, da yadinta a jikina, ta sa murya mai laushi ta bar ni na wuce. Muryar da aka yi wa Iya Ronke ce, ba ta da maraba.

A ɗakin taro Alhaja ta kira suna. Lamba goma sha huɗu. Na ce ga ni. Ta ce madalla, ta yi alama a littafi, makulli ya tsira. 'Yar ƙanwarta na zaune a baya tana danna waya. Da na zauna shiru da shi ke nan.

Sai dai wadda ta dawo daga saro takan tashi ta ba da labarin kasuwar can, me ake yayi, me ya yi tsada. Alhaja ta ce, "Iya Tinu, a ba mu na Guangzhou."

Na tashi. Kwantena na bakina, tsinke biyu na bakina. Na hango Abeke ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta don kada mu haɗa ido.

Na ce, "Ban je ko'ina ba. Ina Ebute Metta. An yi min aiki, ana kan yi min magani, gobe ma zan koma. Rigar nan yadin Abeke ne mai ganye huɗu, ta gani ta yi shiru. Ba na son kula, ba na son mata goma sha biyu a falona, kuma ba na so a fara yi min shiru."

Fanka kawai ake ji. Wata a gefe ta fara jan "wayyo" mai tsawo, Alhaja ta buga tebur da murfin biro.

"Ƙarya ga ƙungiya," ta ce, ba ta dube ni ba, littafi take kallo. "Kiret biyu na lemo da tukunyar dafa-duka, taro mai zuwa."

"Uku," in ji Abeke. Muryarta ta dawo, har da tsatsarta. "Ta sa yadina ta zaga layi tana karɓar yabo, ko gaishe ni ba ta yi ba. Kuma Alhaja a rubuta, yanzu an ga ya yi kyau, duk wadda ta yi min dariya bara ta zo ta ba ni haƙuri."

"Telan ne ya yi kyau," na ce. "Yadin yana nan yadda yake."

Aka yi dariya, ba kowa ba. Alhaja ta rubuta uku.

A bakin ƙofa mutum biyu sun riga sun fara. Sannu Iya Tinu, a hankali Iya Tinu, kawo jakar in riƙe miki. Ban ba su ba. Wannan ba ranar ƙarewarsa.

Na dawo gida na kwanta da rigar a jikina.

Juma'a, 30 ga Mayu, da yamma

Ƙarin ruwa. Saura uku. Na tura wa Ebiere cewa na riƙe koriyar, a dalili na sa wani abu daban.

Litinin, 2 ga Yuni, sha biyu na rana, a shago

Na iso takwas saura. Kwaɗo ya buɗe da ƙyar, tsatsa ta ci shi. Sai ƙofar. Ta ƙarfe ce mai naɗewa sama, hannu biyu take so, a kama ƙasa a cilla. Ban taɓa lura ba. Shekara talatin da ɗaya ina yi ina magana da wani.

Na kama da dama. Ta tashi ta gefe ɗaya ta cije. Na sauke, na sake. Ta cije.

Abeke na zaune a kujerarta tana cin ƙosai, tana kallona kamar talabijin. Ba ta motsa ba. Masu sannu-sannu biyu suka yunƙuro daga can, ta yi musu wani kallo suka koma.

Na gwada na uku da gwiwa. Gumi ya fara bin ƙarƙashin gwaggwaro.

"Abeke."

"Na'am, 'yar Chaina."

"Zo ki kama min gefen nan."

"Hannuna da mai."

"Goge a zanenki, ai ba mai tsada ba ne."

Ta gama tauna na bakinta tukuna. Ta taso tana jan silifa, ta kama hagu na kama dama, muka cilla. Warin rufaffen ɗaki ya fito, leshina na nan a jere yadda na bar su.

Ta karkaɗe hannu. "Gobe ma sai kin kira. Ni ba na zuwa inda ba a kira ni ba."

Ta koma kan ƙosanta.

Ƙarfe shida kuma sai an sauke ƙofar. Ina zaune ina tara murya.